Motar Kara da Jirgin da Bai Iso Ba: Tarihin Ƙere-ƙeren Yara a Gwandu da Kalgo

Ƙere-ƙeren yara, wato kayan wasan da yaro yake harhaɗawa da hannunsa daga abin da ya samo a gona ko a bakin gulbi ko a juji, suna cikin daɗaɗɗun al'adun ƙasar Hausa, kuma a yankin Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi wannan al'ada ta bi tarihin ƙasar sau da ƙafa, domin yaro ba ya ƙera komai sai abin da idonsa ya gani ya kuma ba shi sha'awa. Kara da yumɓu ba sa wuce damina ɗaya kafin gara ko ruwa su cinye su, saboda haka tarihin wannan al'ada ana karanta shi ne ta fuskoki biyu: kayan aikin da kowane zamani ya sanya a hannun yara, da kuma abubuwan hawan da suka ratsa hanyoyin ƙasar har yara suka kwaikwaye su. Wanda ya bi waɗannan fuskoki zai tarar da doki da kwalekwale da babbar mota kowanne ya samu zamaninsa a dandalin yaran Gwandu, in ban da jirgin ƙasa, wanda ya mamaye kayan wasan Turai fiye da shekara ɗari amma layinsa bai taɓa shigowa wannan yanki ba.

Gwandu ta shiga tarihi sosai a shekarar 1805, lokacin da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka sauka a cikinta bayan cin Birnin Kebbi, suka kuma tsira daga harin da ya biyo bayan yaƙin Alwasa a ƙarshen wannan shekara. Da aka raba ragamar daular a 1812, ɓangaren yamma ya faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Gwandu ta zama cibiyar da sarakuna masu nisa irin na Nupe da Ilori suke kai wa caffa. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853, a nan ne ma ya samu kwafin littafin Tarihus Sudan, ya kuma bayyana garin a matsayin wuri mai ni'ima da yake kwance cikin kwari. Ita kuwa Kalgo tana kudu da Birnin Kebbi, kusa da faffaɗar fadamar Gulbin Kebbi, inda noman shinkafa da su suke tafiya tare. A ƙarni na 19 abin da yaron wannan ƙasa yake gani yana wucewa shi ne dawakin sarauta da na yaƙi, da ayarin jakunan fatake masu bi ta kasuwar Jega su ƙetare Kwara su nufi Gwanja sayen goro, da raƙuman Buzaye masu gishiri, da garken shanun Fulani, sannan kwalekwalen masunta idan gulbi ya kawo.

Waɗannan ne suka zama samfurin ƙere-ƙeren farko. Mafi shahara a cikinsu shi ne dokin kara, wanda ake yi da dogon karan dawa, a lanƙwasa kansa a ɗaure shi da igiyar rama ko ta kaba ta zama linzami, yaro ya haye ya yi sukuwa da ƙafafunsa, wani lokaci har a ƙawata shi da tsummoki masu launi a madadin jalala da tunjimi, kwaikwayon abin da aka gani ranar hawan salla. Da damina kuwa, ko bayan ruwan fadama ya janye ya bar yumɓu mai danƙo, yara maza sukan gina shanu da tozonsu, su kafa musu ƙaho da ƙayar farar ƙaya ko ta aduwa, su shanya a rana, su jera su a ɗan shingen tsinke da ya zama ruga, yayin da 'yan mata suke gina ƙananan tukwane da kasake na tuwon ƙasa, su yi 'yar tsana da kara ko da ƙashi, su yi mata kitso da zare, su ɗaura mata zane, har a shirya mata biki da kayan ɗaki. A gari irin Gwandu, wanda malamai suka kafa darajarsa, tambaya kan halaccin siffanta mai rai ba za ta rasa tasowa ba, sai dai malaman fiƙihu tun da daɗewa sun yi sassauci game da kayan wasan yara, suna kafa hujja da hadisan da suka nuna Nana A'isha tana da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da wani doki mai fukafukai. Wannan sassauci ya ba al'adar filin da ta rayu a ƙofar gidajen malamai kamar yadda ta rayu a rugage.

Gini ma ya shiga wasan, domin a da ba a ɓoye aikin magina ga kowa. Da rani ake kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a tattake ta, a mulmula tubali da hannu, wato dunƙulen ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda ake shanyawa har ya bushe, a jera shi tsininsa na kallon sama, a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a rufe soro da azara, itacen giginya da aka tsaga wanda gara ba ta cinsa da sauƙi, a shafe bango da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa. Yara su ne masu ɗebo ruwa da miƙa tubali, kuma abin da suka gani da safe shi suke maimaitawa da yamma a gefen kududdufi, inda suke mulmula 'yan tubala kamar ƙwan zabo su tayar da zaure da rumbu da katanga, su ɗora tsinke a matsayin azara. Sana'ar gini a ƙasar Hausa gado ce da take da sarkinta, kuma gwanayenta irin su Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, sun fito ne daga tarbiyyar da kallo da kwaikwayo suke gaba da bayani.

Kara shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a cikinsa ne yaran Hausa suka gano wata dabarar haɗi cikakkiya wadda ba ta buƙatar ƙusa ko danƙo. Busasshen karan dawa abu biyu ne a haɗe: ɓawo mai tauri da kaifi a waje, da totuwa mai laushi da rashin nauyi a ciki. Idan aka ɓare ɓawon aka tsattsaga shi sirara aka fiƙe bakinsa, ya zama tsinken da zai shige totuwa ya kama ta, idan kuma aka yanka totuwar gunduwa-gunduwa ta zama mahaɗin da tsinkaye da yawa za su shiga ta fuskoki dabam-dabam. Da waɗannan abubuwa biyu kaɗai ana iya tayar da murabba'i, a ɗora wani a kansa ya zama akwati, a lanƙwasa ɓawo ya zama da'ira, a gicciya tsinke daga kusurwa zuwa kusurwa don kada ginin ya karkace, wadda ita ce dabarar da injiniyoyi suke amfani da ita wajen ƙarfafa gadar ƙarfe. Da haka ake yin tabarau da keji da bindiga da molon wasa, kuma duk wanda ya yi wannan aiki ya san ladansa na farko shi ne yanka a yatsa, domin ɓawon kara ba ya sassauta wa hannun da bai ƙware ba. Al'adar tana da lokacinta, daga kaka bayan an girbe dawa zuwa tsakiyar rani, lokacin da kara yake ko'ina, ana danni da shi, ana yin gado da ƙyaure, almajirai suna hura wutar karatun dare da shi, aikin gona kuma ya yi sauƙi har yaro ya samu sararin zama a inuwa da 'yar wuƙarsa.

Zuwan Turawa ya sauya abin da ake gani a hanya, amma ba daidai wa daida ba a ko'ina. Gwandu ta shiga hannun Ingilishi a 1903, kuma bayan rikicin Satiru na 1906 aka tuɓe Sarki Muhammadu Bashiru, hedikwatar masarautar ta tabbata a Birnin Kebbi, garin Gwandu kuwa ya koma wurin ziyarar hubbaren Malam Abdullahi da zaman malamai da manoma. A daidai wannan lokaci aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a bakin Kwara, a zamanin Gwamna Percy Girouard, jirgi ya isa Kano a 1911, aka haɗa layin da na Ikko a shekarar da ta biyo, cinikin gyaɗa ya buɗe har ya haifar da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Faɗin wannan layi ƙafa 3 da inci 6 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. An kai wani ƙaramin reshe daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, an kai wani Nguru a 1930, wani kuma Maiduguri a 1964. Reshen da ya nufo lardin Sakkwato ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Kaura Namoda a 1929, kuma a nan yake tsaye har yau, domin Turawa sun shimfiɗa dogo ne don kwasar gyaɗa da auduga, gabashin lardin kuwa shi ne ya fi samar da su, yayin da shinkafa da kifi da albasar yammacinsa abinci ne na cikin gida da bai ja hankalin kamfanonin fitar da kaya ba.

Sakamakon wannan a dandalin yara a bayyane yake. A garuruwan da suke kan layi, yaro yana tashi da ƙarar jiniyar jirgi, yana ƙirga taragu, ya san kan jirgi da tukunyarsa da hayaƙin gawayinsa, saboda haka ba wuya ya jera gidajen ashana ko gwangwanayen kifi ya sarƙa su da zare ya ja su a ƙasa. Yaron Gwandu ko na Kalgo kuwa labarin jirgi yake ji daga bakin 'yan ci-rani, mazan da suke barin gida bayan girbi su tafi neman kuɗin haraji da na aure su komo kafin shuka. Ƙidayar da R. Mansell Prothero ya yi nazarinta, wadda aka gudanar a ranin 1952 zuwa 1953, ta nuna mutane sama da 250,000 ne suka fita daga lardin Sakkwato a wannan rani, da yawansu sun nufi ƙasar Yarbawa da Gwalkwas, wato Gana ta yau, kuma a can ne wasunsu suka fara ganin reluwe. Daga baya hoton jirgi ya shigo ta littattafan makaranta da majigi. Abin da aka ji labarinsa ko aka gani a takarda ba ya ba hannu abin da yake buƙata, domin mai ƙira yana son ya zagaya abu, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ga yadda ƙafa take juyawa a kan gatarinta, shi ya sa jirgin ƙasa bai kafu a cikin ƙere-ƙeren wannan yanki ba kamar yadda babbar mota ta kafu.

Motar ɗaukar kaya mai bodin katako ce ta maye gurbin jaki da raƙumi a hanyoyin Jega da Birnin Kebbi da Kamba, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, kuma Kalgo, da yake tana kan mararrabar da hanyar Jega ta haɗu da ta Bunza, ta zama wurin da yara suke ganin gingimari da a-kori-kura da kiya-kiya suna tsayawa ana lodi. Direba da karen mota suka zama gwanayen da ake sha'awa, motar kara kuma ta ture dokin kara daga matsayinsa. Ƙirarta tana farawa ne da shasi, wato dogayen totuwa biyu da aka haɗa da gajeru a gicciye, a kansa a tayar da kan mota da gilashinta da ƙofofinta, a baya a yi bodi mai tsani-tsani kamar na ainihi. Ƙafafun su ne wurin da gwaninta take bayyana: da fari sakaina ake fafewa a goge ta a dutse har ta zama da'ira, a huda tsakiyarta, a zura tsinke mai ƙarfi ya zama gatari, a tokare shi da guntuwar totuwa don kada ƙafar ta fice, kuma idan hudar ta kauce daga tsakiya ko kaɗan motar za ta riƙa ɗingishi, 'yan'uwa su yi ta dariya. Waɗanda suka ƙware ba sa yarda a ja motarsu da zare, sai su sa gatarin gaba ya zama mai juyawa a kan tsinke guda, su haɗa shi da dogon kara mai sitiyari a samansa, yaro yana tsaye yana tafiya yana murzawa motar tana karya kwana. Sannan a share hanya a cikin rairayi, a yi gada da kwalbati, a ware tasha, a yi lodin tsakuwa ko ƙwallon magarya a matsayin buhunan shinkafa, wani ya zama ɗan kamasho, wani ya tare hanya ya zama ɗan sanda. Ma'auni duk da ido da yatsa ake yinsa, amma duk da haka babba yana iya kallon motar yaro ya faɗi irin motar da aka kwaikwaya, wanda hakan shaida ce ta kaifin lura da bai kamata a raina ba.

Kayan kanti sun kawo zamani na gaba. Langa-langa, siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar kaya da shi, da gwangwanin madara da na tumatir, da marfin kwalbar lemo, da wayar da ta ragu daga shinge ko daga tsohuwar taya, duk sun shiga hannun yara, motar ta ƙara ƙarko har tana iya kai shekara. Tsohon silifas ya kore sakaina, domin robarsa tana yankuwa da reza kuma ba ta fashewa, tsohon tiyub na keke da aka yanka sirara ya zama maɗauri, batir da ƙwan tocila suka zama fitilun gaba, kuma da rediyo mai kaset ya yawaita sai 'yar na'urar da take juya kaset ta zama injin da yake tafiyar da mota ko farfelar jirgin sama. Motar waya ba ta Hausawa kaɗai ba ce, ana yin ta daga Malawi har Senegal, sai dai motar kara ta fi zama ta ƙasashen dawa da gero. Babu makarantar da take koyar da wannan aiki, ƙane yana koya daga wansa, yana riƙe masa kara yana miƙa masa tsinke har ranar da za a bar shi ya yi ƙafa ɗaya. Galibi kuma aikin maza ne, domin talla da raino da aikace-aikacen cikin gida sukan cinye lokacin 'yan mata, kamar yadda Enid Schildkrout ta bayyana a bincikenta kan yaran Kano a shekarun 1970.

A Turai irin wannan sha'awa ta bi wata hanya dabam, ta zama masana'anta. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar renon yara a wajen 1840, shi ya sa gutattsarin katako masu ma'auni ɗaya cikin kayan koyarwa. Kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jirgin wasa mai tafiya a kan layin da ake harhaɗawa a 1891, ya kuma tsayar da ma'aunin faɗin layin yadda kowane tarago zai hau. A Liverpool ta Ingila, Frank Hornby ya yi rajistar ƙirarsa a 1901, sirara ƙarafa masu hudoji a jere da ake ɗaurewa da noti, waɗanda aka sani da Meccano, sannan ya fitar da jiragen wasa masu wani a 1920. Shi kuwa Lego ya samo asali ne daga shagon wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, a garin Billund na Denmak a 1932, ya fara tubalin roba a 1949, kuma a 1958 aka yi rajistar siffar da ta tabbata, wato ƙusoshi a saman tubali da bututu a cikinsa, yadda ɗaya zai kama ɗaya ba tare da ya zame ba. Tazarar da take tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 8 ce, kuma ba a sauya ta ba, har tubalin 1958 yana kama na yau. Masana lissafi sun nuna tubala shida masu ƙusa takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanyoyi sama da miliyan 915.

Jirgin Lego mai batir ya fito a 1966, mai jan lantarki daga layi ya biyo baya a 1969, aka sake tsari a 1991 da layin ƙarfe mai bolt 9, wanda aka daina yinsa a wajen 2007 aka koma layin roba da batir da na'urar sarrafawa daga nesa. A kewayen wannan ne aka samu manya masu sha'awa, injiniyoyi da malamai da ma'aikata, waɗanda ba sa tsayawa kan abin da kamfani ya zana a jikin kwali, suna ƙera nasu kawunan jirage da taragu bisa hotuna da ma'aunin na ainihi. Muhawararsu takan kasance kan faɗin jirgi, ko a bar shi ƙusa shida kamar na kamfani ko a kai shi takwas don ya fi kama da gaskiya, da kan yadda dogon tarago zai sha kwana mai tsauri ba tare da ya sauka daga layi ba, da yadda sandunan ƙafafun jirgin gawayi za su juya ba su cije ba. Waɗannan su ne matsalolin da mai motar kara yake fama da su a ƙaramin sikeli: daidaiton girma, da juyawar gatari, da ƙarfin mahaɗi.

Bambancin yana wurin wanda yake yin sassan. Mai tubalin roba yana karɓar sassa daidaitattu daga masana'anta, hankalinsa duka yana kan tsari, yana iya wargazawa ya sake, yana iya rubuta matakan aikinsa wani a wata nahiya ya maimaita su ba kuskure, kuma wannan daidaito shi ne ruhin masana'antar zamani. Mai kara kuwa shi ne masana'antar kansa, shi yake zaɓen karan da ya nuna bai ruɓe ba, shi yake fiƙe tsinke, shi yake gane cewa totuwar gindi ta fi ta sama ƙarfi, saboda haka yana samun ilimin kayan aiki da ɗan'uwansa na Turai ba ya samu, amma yana rasa ilimin ma'auni tsayayye da rubuta tsari, kuma aikinsa yana mutuwa da shi ko da zuwan damina. Kowannensu yana riƙe da rabin abin da injiniya yake buƙata. Abin takaici shi ne makarantar boko, wadda ita ce ya kamata ta ɗora ma'auni da zane a kan gwanintar da yaro ya zo da ita daga gida, ba ta yi hakan ba sai nadiran.

An fara da kyakkyawar niyya, domin makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'i, kuma darasin aikin hannu ya daɗe a jadawalin firamare, inda yara suke kawo igiya da faifai da tsintsiya da motar kara a ba su maki. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa fiye da ƙarfin malamai, tsarin 6-3-3-4 da aka fara a shekarun 1980 ya zo da darasin gabatar da fasaha, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da ɗakunan aiki da masu koyarwa. A makarantu da dama aikin hannu ya koma sayo tsintsiya a kasuwa ko kawo kuɗi a madadinta, abin da ya koya wa yara cewa saye ya fi yi daraja. A gida ma iyaye da yawa suna ɗaukar zaman fiƙe kara a matsayin shiririta da ɓata reza.

Kayan wasan roba sun cika kasuwannin Jega da Birnin Kebbi, wasu daga masana'antun Kano da Ikko, mafi yawa daga Sin, musamman a jajibirin salla. Abin lura shi ne irin da ya iso ƙauyuka gamammen abu ne, mota ko bindiga ko 'yar tsana da aka zuba a ma'auni guda, wadda ba a kwance ta ba a ɗaura ta, idan ta karye sai juji. Tubalin haɗawa, ko na asali ko kwaikwayonsa da ya yawaita bayan wa'adin rajistar Lego ya ƙare a 1978, ya tsaya ne a manyan kantuna da makarantun kuɗi na birane, domin farashinsa ya fi ƙarfin manomi. Ta haka yaron karkara ya fara sakin abin da yake koya masa ƙira ba tare da ya samu wanda zai maye gurbinsa ba. Shi kansa kara ya yi daraja, ana tara shi ana sayarwa don abincin dabbobi da makamashi, bulon siminti ya rage ginin tubali tun bayan da kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, wayar hannu kuma ta ɗauke wani kaso na lokacin da a da ake ɓatarwa a gindin bishiya.

Duk da haka yankin ya nuna abin da yake iya fitarwa idan sha'awa ta haɗu da horo. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu take ɗauke da sunan Waziri Umaru, ya karanta zanen gine-gine a shekarun 1980, kafin ya tafi Detroit ta Amurka ya karanta zanen motoci, ya shiga kamfanin General Motors, ya zana samfurin motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, sannan a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta Nijeriya. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, maƙwabciyar Gwandu, tun 2006, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 wadda mazauninta yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, kuma waɗannan cibiyoyi su ne suka fi cancanta su tattara samfuran ƙere-ƙeren yaran yankin, su rubuta dabarunsu daga bakin dattawan da suka yi su, su kuma shigar da su cikin horon malaman firamare, tun da kayan aikin ba sa buƙatar kuɗin waje. Jirgin ƙasa ya farfaɗo a wasu sassan Arewa, layin Abuja zuwa Kaduna mai faɗin milimita 1,435 ya fara aiki a 2016, an kuma ƙaddamar da aikin na Kano zuwa Maraɗi a 2021, amma babu ɗayansu da ya nufo Kebbi. Abin da ya ƙaru a hanyoyin Gwandu da Kalgo shi ne tirela da babur da keke mai ƙafa uku, da taraktoci da injunan ban-ruwa da suka yawaita a fadama tun bayan ƙaddamar da shirin rancen noman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, kuma su ne samfuran da masu ƙira na wannan zamani suke kwaikwaya da kwali da waya da gorar ruwa.